Ranar Da Ake Ƙerawa A Cikin Gammon Maganaɗisu: Ina Rabon Birnin Gwari?

A ranar 20 ga watan Janairun 2025, masana kimiyya a birnin Hefei na ƙasar Sin suka sanar da cewa wata na'urarsu mai suna EAST ta riƙe wata irin wuta mai zafin miliyoyin digiri har tsawon daƙiƙa 1,066, wato kusan minti 18, ba ta kuɓuce ba. Ba a cika wata guda ba, ranar 12 ga Fabrairu, na'urar Faransawa, WEST, ta kai daƙiƙa 1,337. Kafofin watsa labarai suka ɗauka da kanu mai jan hankali, wai an ƙera rana a doron ƙasa. Labarin ya iso mu nan Arewa ta wayoyin hannu, kuma kamar yadda aka saba, 'yan bokonmu suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ai shi ke nan, duniya ta kusa samun wutar lantarki kamar kyauta, mu ma za a yafo mana. Wasu kuma suka yi tsaki, suka ce mutanen da ba su iya riƙe wutar unguwa ta kwana guda ba, me ya haɗa su da zancen rana a cikin tukunya?

A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci, kuma wurin da ya fi dacewa a tsaya a duba wannan al'amari shi ne Birnin Gwari, ko da mai karatu zai yi mamakin haka. Ƙasar da aka fi sani da dajin Kamuku da maƙwabcinsa na Kuyambana, da hanyar Kaduna wadda matafiya suka shafe shekaru suna bi da addu'a a baki, tana da alaƙa da wannan bincike ta ƙarƙashin ƙasa, tana kuma da ita ta sararin sama. Amma kafin a kai nan, wajibi ne a fahimci abin da masanan suke ƙoƙarin yi, domin yawancin masu yabo da masu kushe ba su tsaya sun tambaya ba.

Hanya biyu ake bi a tatsi makamashi daga ƙwayar zarra. Ta farko ita ce a tsaga mai nauyi, irin ta yuraniyam, ta rabu biyu. Da ita tashoshin nukiliyar duniya suke aiki, kuma ita ce ke gudana a ƙaramar tukunyar bincike ta NIRR-1 da ke Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kimanin kilowat 30 kacal. Ta biyu ita ce a haɗe marasa nauyi su dunƙule su zama ɗaya, kuma da ita rana da sauran taurari suke ci. A doron ƙasa, haɗin da ya fi saurin kamawa shi ne na wasu 'yan'uwan haidurojin guda biyu, diyuteriyam da tiritiyam. Idan suka haɗe sai su haifi hiliyam da wata ƙwaya marar caji da ake kira niyutoron, wadda ke ficewa da kashi 80 cikin 100 na makamashin da aka samu. Diyuteriyam bai da wuyar samu, domin akwai kimanin giram 33 a cikin kowace lita 1,000 ta ruwan teku. Tiritiyam kuwa yana da nasa labarin, za mu zo kansa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, haɗa waɗannan biyun kaɗai bai da wahala. A ita wannan cibiya ta Zariya, masana sun yi aiki da wata na'urar samar da niyutoron, wadda aikinta shi ne ta harba diyuteriyam a kan wani faifai mai ɗauke da tiritiyam, a yi amfani da abin da ya fito wajen gano sinadaran da ke cikin dutse ko ƙasa. Ke nan haɗewar da ake ta kururutawa an yi ta a Samaru. Sai dai a irin wannan na'ura mafi yawan ƙwayoyin da aka harba kuskure suke yi, ƙarfinsu ya tafi a banza, har wutar da na'urar ke sha ta ninka abin da take bayarwa sau dubbai. Ciniki ne na faɗuwa. Duk fafutukar da ake yi fiye da shekara 70 ta neman riba ce.

Tushen wahalar shi ne, cibiyoyin ƙwayoyin zarra duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, kuma masu caji iri ɗaya ture juna suke yi, tamkar zakaru biyu a akurki ɗaya. Sai an sa su gudu na fitar hankali kafin su kusanci juna har su manne, kuma a duniyar waɗannan ƙanana, gudu shi ne zafi. Tsakiyar rana na da zafin digiri miliyan 15, amma ita tana da nauyin jikinta da ke danne komai wuri guda. Mu da ba mu da wannan nauyi sai mun rama da zafi, mu kai kamar digiri miliyan 150, ninki goma ke nan. A irin wannan zafi iskar gas ba ta zama yadda muka santa. Ƙwayoyin elektoron suna tsinkewa daga cibiyoyinsu, kowa ya kama gabansa ɗauke da cajinsa. Wannan yanayi shi ake kira filasma, na huɗu bayan daskararre da ruwa da iska. Ba baƙo ba ne a wurinmu: shi ne a walƙiyar damina, shi ne a hasken da ke kashe ido a shagon mai walda, shi ne a cikin dogon ƙwan lantarki na ofis.

To, a wace tukunya za a zuba shi? Ƙarfen tangistin, wanda ya fi kowane ƙarfe jure wuta, yana narkewa a digiri 3,422. Amma babbar matsalar ma ta ɗaya gefen take. Filasman da ke cikin waɗannan na'urori ya fi iskar da muke shaƙa sirantaka sau dubu ɗaruruwa, nauyinsa duka bai wuce 'yan giram ba, saboda haka da zarar ya taɓa bango sai ya huce nan take, wutar ta mutu. Wannan ne ya sa irin haɗarin Chernobyl na 1986 ba zai auku a nan ba, domin wutar da ake lallaɓa ta ci ba ita ce ke ƙin mutuwa ba.

Mafitar da aka samo ita ce maganaɗisu. Duk wanda ya yi sakandare zai tuna yadda garin ƙarfe ke jeruwa layi-layi a kan takarda idan an sa mayen ƙarfe a ƙarƙashinta. Ƙwaya mai caji ba ta iya tsallake waɗannan layuka kai tsaye, sai dai ta riƙa nannaɗe su tana tafiya, kamar yadda yaɗon doya ke nannaɗe sandar da manomi ya kafa masa. Ta gefe an tsare ta, amma ta tsawon layin tana gudu yadda ta ga dama, har ta fice ta baki. Sai aka ce to a lanƙwasa layin ya ciji wutsiyarsa, ya zama kamar gammo, a rasa bakin fita. A nan wata sabuwar fitina ta ɓullo. A cikin gammo, ƙarfin maganaɗisu ya fi yawa ta ciki, kusa da ramin tsakiya, ya ragu ta waje. Wannan bambanci yana sa masu caji iri ɗaya su riƙa zamewa sama, ɗaya irin kuma ƙasa. Rabuwarsu sai ta haifar da wani ƙarfin lantarki da ke tunkuɗa filasman gaba ɗaya zuwa bangon waje cikin ƙiftawar ido. Maganin shi ne a murɗe layukan kamar tufkar igiya, yadda layin da ke saman gammo yanzu zai zagayo ƙasansa an jima, zamewar sama da ta ƙasa su kashe juna.

Yadda za a yi wannan tufka shi ya raba masana gida biyu tun 1951. A Tarayyar Sobiyet, Igor Tamm da Andrei Sakharov suka ce a tura wutar lantarki mai ƙarfi ta cikin filasman kansa, ita za ta murɗe layukan. Wannan ita ce tokamak, kuma EAST da WEST duk jikokinta ne. A Amurka, Lyman Spitzer na Jami'ar Princeton ya ce a murɗe su daga waje da maganaɗisai masu karkatacciyar siffa, ya kira tasa sitelareta. Sai a 1968 Rashawa suka ba duniya mamaki da sakamakon na'urarsu T-3, wadda suka ce ta kai kimanin digiri miliyan 10. Turawan Yamma ba su yarda ba, har sai da wata tawagar Ingila ta je Mosko da kayan awonta a 1969, a tsakiyar yaƙin cacar baka, ta tabbatar. Daga nan kowa ya koma tokamak. Sitelareta ba ta farfaɗo sosai ba sai da kwamfuta ta iya lissafa siffar maganaɗisanta, aka gina Wendelstein 7-X a Jamus, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2015.

Tun a 1955 wani injiniyan Ingila, John Lawson, ya fayyace sharaɗin cin riba, kuma ya yi kama da duwatsun murhu guda uku: zafi, da yawan ƙwayoyin da ke cunkushe wuri guda, da tsawon lokacin da zafin yake ɗauka kafin ya tsiyaye. In ɗaya ya gaza, tukunya ta kife. A kan dutse na uku ne masu karanta kanun labarai suka fi ruɗewa. Daƙiƙa 1,066 da Sin ta sanar tsawon lokacin da na'urar ta yi tana aiki ne, ana ta ɗura mata zafi daga waje. Lokacin da Lawson yake nufi shi ne wanda zafin zai yi a ciki in an daina ɗurawa, kamar bambancin shayin da ke kan wuta da wanda ke cikin filas, kuma ko a babbar na'urar da ake ginawa yanzu abin da ake fata 'yan daƙiƙoƙi ne. Bugu da ƙari, EAST da WEST ba su sa tiritiyam a waɗannan gwaje-gwaje ba, don haka babu wani makamashin kirki da suka samar. Sun nuna cewa ana iya riƙe filasma ya daɗe bango bai lalace ba, kuma wannan nasara ce ta gaske, amma iyakarta ke nan.

Abin da ke tsiyayar da zafin kuwa shi ne ƙananan guguwoyi da ke tashi a cikin filasman, suna kwasar zafi daga tsakiya zuwa gefe fiye da yadda lissafin farko ya nuna nesa ba kusa ba. A 1982, a na'urar ASDEX ta Jamus, Friedrich Wagner ya lura cewa idan zafin da ake ɗurawa ya haura wani mataki, sai guguwoyin gefe su lafa da kansu, wani shinge ya kafu, riƙon zafi ya kusa ninkawa biyu. Ba lissafi ne ya hango wannan ba, a wurin gwaji aka ci karo da shi, kuma a kansa aka ɗora kusan duk tsare-tsaren yau. Sai dai shingen yakan riƙa fashewa lokaci-lokaci yana watsa zafi a bango. Mafi muni, wutar da ke gudana a cikin filasman tokamak tana iya yankewa baki ɗaya cikin ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, ta girgiza na'ura mai nauyin dubban tan.

Yanzu a buɗe littafin ciniki. Na'urar JET ta ƙasashen Turai da ke Ingila ta samar da megawat 16 a 1997, alhali an ɗura wa filasman megawat 24. A gwajinta na ban kwana, cikin Oktoban 2023, ta fitar da megajul 69 a cikin daƙiƙa biyar daga man da bai wuce miligiram 0.2 ba. Ƙanƙantar man abin mamaki ce, amma in aka juya megajul 69 zuwa lissafin mitar gidajenmu, yunit 19 ne, kuma na zafi, ba na lantarki ba, ga shi maganaɗisan na'urar suna shan ɗaruruwan megawat yayin gwajin. Nasarar da Amurka ta sanar a Disamban 2022, inda aka sa megajul 2.05 aka sami 3.15, ta wata hanya ce dabam, ta hasken leza, kuma na'urorin lezar sun ja kimanin megajul 300 daga layin wuta.

Babban abin da duniya ta zuba wa ido shi ne ITER, a Cadarache da ke kudancin Faransa. Reagan da Gorbachev ne suka yi maganarsa a Geneva a 1985, aka sa hannu a yarjejeniyarsa a 2006 tsakanin Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Japan, Indiya da Koriya ta Kudu. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Burinsa shi ne a ɗura megawat 50 a sami 500, kuma ko ya yi nasara ba a tsara shi ya ba kowa wutar lantarki ba. A Yulin 2024 shugabansa, Pietro Barabaschi, ya sanar da cewa aikin bincike sai 2034, gwaji da tiritiyam kuma sai 2039, tare da ƙarin kuɗi kimanin Yuro biliyan 5. Kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda suka tara biliyoyin daloli, suna cewa za su riga shi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: idan aka ninka ƙarfin maganaɗisu sau biyu, makamashin da za a samu a tukunya mai girma ɗaya yana ninkuwa sau 16, ga shi a 2021 masanan MIT a Amurka sun gwada wani sabon maganaɗisu mai ƙarfin tesla 20. Duk da haka, wanda ya san tarihin fannin yana sauraron alkawari da kunne ɗaya. Shugaba Peron na Ajantina ya yi shelar an gama a 1951, Ingila ta yi tata da na'urar ZETA a 1958 ta janye, wasu masana biyu a jihar Utah ta Amurka suka yi tasu a 1989.

Mu dawo kan tiritiyam, domin ta ƙofarsa za mu shigo gida. Kusan babu shi a halitta, kuma rabinsa yana lalacewa duk bayan shekara 12.3. Abin da duniya ta tara don ayyukan farar hula bai wuce 'yan gomman kilo ba, mafi yawansa daga tashoshin nukiliyar Kanada, alhali tukunyar da ke samar da megawat 1,000 na haɗewa za ta cinye kusan kilo 56 a shekara. Dole kowace tasha ta riƙa haifar nata, ta hanyar lulluɓe bangonta da bargo mai ɗauke da litiyam, wanda idan niyutoron ya buge shi yake zama tiritiyam. Har yau ba a nuna wannan a aikace a babban mataki ba. Su kuma maganaɗisan ITER, waɗanda ake sanyaya su zuwa digiri 269 ƙasa da sifili, mafi ƙarfinsu an naɗa su ne da wayar da aka yi da haɗin nayobiyam da kuza, kimanin tan 500, tsawonta kamar kilomita 100,000.

Kuza da nayobiyam da litiyam. Ɗan Arewa da ya san tarihi ba zai ji waɗannan sunaye ya wuce ba. Nayobiyam daga dutsen kwalambait ake tace shi, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, daga tsaunukan Jos, lokacin da Amurka ke tara shi don injinan jiragen yaƙi. Da ta daina saye, sannan Brazil ta buɗe nata ma'adinan, sai kasuwar ta rushe. Yau Brazil ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na nayobiyam na duniya, Filato kuwa an bar ta da kududdufai da tarin ƙasar da ke fitar da tururin nukiliya. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan da yuraniyam ɗin Arlit, wanda ake haƙa tun 1971, ya kuma shafe shekaru yana haska biranen Faransa, su kuwa suna sayen wuta daga Nijeriya.

Birnin Gwari an san ta da zinariya tun zamanin Turawa, musamman wajen Tsohon Birnin Gwari. Amma masana ilmin duwatsu sun daɗe da lissafa yankin Kushaka zuwa Birnin Gwari cikin filayen ƙasar nan masu irin dutsen da ake kira fegmatait, wanda a cikinsa ake samun tantalait da kwalambait da kuza, a wasu wuraren har da ma'adinan litiyam. Rububin litiyam ya riga ya shigo Arewa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi ta wani kamfanin Sin a Jihar Nasarawa a Mayun 2024. A Nuwamban shekarar ne kuma Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan batun sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Hanyar da ta buɗe wa manomi da falke, ta buɗe wa dillalin dutse ma.

A nan sai a yi hattara, kada wani ya zo ya sayar wa jama'a da mafarki cewa dutsensu ne zai kunna ranar Faransa. Batirin mota da na waya ne ke jan kasuwar litiyam, abin da tashoshin haɗewa za su buƙata kaɗan ne a kansa. Sannan ba kowane litiyam suke so ba. Nau'in da ya fi ba da tiritiyam kashi 7.5 cikin 100 ne kawai na wanda ake haƙowa, kuma ware shi daga sauran sana'a ce da ƙasashe ƙalilan suka iya. Sababbin maganaɗisan da kamfanoni ke yayi ma ba da nayobiyam ake yin su ba. Dutsen da ake rububi bana ana iya daina tambayarsa baɗi, kamar yadda Jos ta gani. Kuɗin yana wurin wanda ya iya tacewa da aunawa da lissafi, shi kuwa mai diga da shebur rabonsa ƙura, wani lokaci har da guba, kamar yadda dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010.

Masu jiran wutar kyauta kuma su tuna da Oktoban 2024. An lalata turakun babban layin Shiroro zuwa Kaduna a dazukan da ke tsakanin jihohin Neja da Kaduna, gyara ya gagara saboda rashin tsaro, sai ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Tashar haɗewa, duk ƙwarewar da ke cikinta, a ƙarshe ruwa za ta tafasa, tururi ya juya injin, wutar ta hau waya. Ko yau aka ba mu ita kyauta, ta kan waɗannan turaku za ta bi, ta cikin waɗannan dazuka. Ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000, matsalarta ba ta jiran 2039. Asibitin Birnin Gwari da makarantunta da masu niƙa da masu walda, abin da zai fisshe su a wannan zamani shi ne tsaron hanya da layin wuta, da farantan sola, domin ranar da Allah Ya riga Ya kunna tana zuba fiye da yunit 5 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasarsu a kullum.

Amma masu tsaki ma ba su da gaskiya, kuma hujjata tana bisa kawunanmu. Daga kamar kilomita 100 zuwa sama, hasken rana yana mayar da wani ɓangare na iska filasma, maganaɗisun duniya kuma yana riƙe da shi. Akwai wani layi da ya zagaye duniya inda layukan wannan maganaɗisu suke kwance daidai da doron ƙasa, kuma ya ratsa Nijeriya. A bisansa, da rana, wani kogin wutar lantarki mai faɗin ɗaruruwan kilomita yana gudana zuwa gabas, kuma Birnin Gwari da Kaduna da Zariya duk suna ƙarƙashinsa. Marigayi Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya fara aikinsa a Ibadan ya kuma shugabanci Jami'ar Ife daga baya, da binciken wannan kogi ya yi suna a duniya. Bayan faɗuwar rana kuma wani abu yakan faru can sama da haka: filasman ƙasa-ƙasa yana saurin ɓacewa, ya bar mai kauri a kan marar kauri, kamar a ɗora ruwa a kan man gyaɗa. Sai manyan kumfa su taso su keta sama, su rikita saƙon tauraron ɗan Adam da na'urar GPS. Wannan rikicewa dangi ɗaya ce da wadda ke damun gefen waje na gammon tokamak, lissafinsu ma ɗan'uwan juna ne. Ɗalibin da ya ƙware a ɗaya ya yi rabin tafiya zuwa ɗayan. Ƙasashen da ke nesa da wannan layi kuɗi suke kashewa su kawo na'urorinsu kusa da shi, mu kuwa a ƙarƙashinsa muke kwana.

Shiga wannan fage ba ya buƙatar biliyoyin Yuro. Kosta Rika, wadda mutanenta ba su kai na Jihar Kaduna yawa ba, ta gina ƙaramar sitelareta a wata jami'arta, ta kunna ta a 2016. Thailand ta karɓi tsohuwar tokamak kyauta daga Sin, ta fara aiki da ita a 2023. Masar da Libiya sun mallaki ƙananan tokamak tun tuni. A birnin Prague na Jamhuriyar Czech akwai wata tsohuwa mai suna GOLEM, wadda ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam suke sarrafawa ta intanet daga azuzuwansu. Babu ɗaya cikin waɗannan da za ta kunna ƙwan fitila. Amfaninsu shi ne suna fitar da mutanen da suka iya maganaɗisu da injin tsotse iska da awon zafi da lissafin kwamfuta, irin mutanen da ake nema a ɗakin hoton asibiti da masana'antar tace ma'adinai da kamfanin rarraba wuta, kuma su ne za su iya karanta takardar yarjejeniya ranar da wani ya zo sayar mana da tasha.

Tsoron da nake ji shi ne irin jinkirinmu. An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya da doka a 1976, lokacin mulkin soja na Obasanjo, ba ta fara aiki ba sai 2006, da ya dawo cikin farar hula. Shekara 30 ke nan doka tana barci a aljihun tebur. Duk da haka cibiyar Zariya ta nuna ana iyawa, domin a 2018 an sauya man tukunyarta daga yuraniyam mai tacewar kusan kashi 90 zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon Sin lafiya lau, tare da masananmu a cikin aikin. Asusun TETFund, wanda ya saba da gina manyan ɗakunan taro, zai iya ɗaukar nauyin ɗakin gwajin filasma guda a Jami'ar Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Bayero, a kuma kafa na'urar auna maganaɗisun duniya a harabar wata makarantar sakandare ta Birnin Gwari, malamin kimiyya da ɗalibansa su riƙa kula da ita.

Ita ma masarautar, ƙarƙashin Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Maigwari II, da ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin ci-gaban yankin, suna da abin riƙo a hannu. Ba da lasisin ma'adinai ikon Gwamnatin Tarayya ne, amma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. An saba cika irin wannan takarda da rijiyar burtsatse da buhunan shinkafa. Ana iya rubuta wasu sharuɗɗa biyu a ciki: duk dutsen da za a fitar a fara kai samfurinsa Zariya, inda tukunyar NIRR-1 take iya faɗin abin da ke cikinsa, sakamakon kuma a ba al'umma kwafi, sannan kamfani ya ɗauki nauyin adadin 'ya'yan yankin da aka ambata a rubuce, maza da mata, su karanta kimiyyar fiziks da ilmin duwatsu har digiri na uku.